Gidan Makama da Tarihin Damina a Ƙasar Kano

Gidan Makama yana cikin birnin Kano, kusa da Gidan Sarki, yana kuwa cikin gine-gine mafiya tsufa a ƙasar Hausa duka. Masu tarihi sun ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, a nan ya zauna kafin a gama ginin gidan sarauta wanda har yanzu a ke kira da sunansa. Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin 1903, sun yi ofis a ciki na ɗan lokaci. Daga baya aka raba gidan, aka bar wa Makama sashe guda, aka yi makaranta a wani sashe, sauran kuwa aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi, a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya. Wanda ya shiga zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke, da takubba, da kayan kiɗa, da kayan sana'a, da hotunan sarakuna.

To, akwai wani tarihi wanda ya cancanci a ba shi zaure nasa a wannan gida, shi ne tarihin damina. Sarauta da yaƙi su a ka fi rubutawa, alhali kuwa abin da ya fi taɓa talaka cikin dukan zamanin da ya wuce shi ne ko ruwa ya sauka ko bai sauka ba. Yanzu da duniya ta cika da zancen sauyin yanayi, ya kamata mutanen Kano su san abin da ƙasarsu ta gani game da wannan al'amari, su kuma san yadda za a tattara labarin tun masu shi ba su ƙare ba.

Shaidar da ke cikin ƙasa

Tun kafin a san rubutu a wannan nahiya, ƙasa da kanta ta ajiye labari. Wanda ya bi hanyar Jahun, gabas da Kano, zai ga dogayen tuddai na rairayi sun jeru, ana noma gero a kansu. Wani Bature masanin ƙasa, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu cikin 1958, ya nuna tsofaffin tudun hamada ne waɗanda iska ta tara a wani zamani mai nisa, sa'ad da Sahara ta sauko har wajen nan. Bayan wannan kuma aka yi zamanin ruwa mai yawa. Cikin 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar da ta zama Jihar Yobe, sai ya tarar da wani babban katako a binne. Da masana suka tono shi cikin 1994, ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya fi mita 8, shekarunsa wajen 8,000. A Gobero kuma, can cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, an samu kaburbura tare da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye, a wurin da yau ko ciyawa ba ta tsiro. Kun ga ke nan, ƙasar nan ta taɓa fin haka bushewa, ta kuma taɓa fin haka ruwa.

Abin da Tarihin Kano ya ambata

Littafin nan na Larabci da a ke kira Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya juya da Turanci cikin 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, galibin zancensa na sarakuna ne. Duk da haka bai bar yunwa ba. Ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, bayan Kwararrafa sun ɓata ƙasa, an yi yunwa shekara goma sha ɗaya. Ya kuma ce Muhammadu Alwali, sarkin ƙarshe kafin jihadi, wanda ya hau cikin 1781, da hawansa sai ya shiga tara gero da dawa saboda tsoron yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwar ta cim masa. Waƙar Bagauda ita ma ta danganta cikar Kano da wata yunwa da ta koro mutane daga ƙasashe dabam dabam zuwa inda a ke samun hatsi.

Ganuwar birni kanta shaida ce. Tun daga Sarki Gijimasu, wanda ya soma ginin ta tsakanin 1095 da 1134, masu ginin ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da tafkuna. Baturen nan Clapperton, da ya zo cikin 1824, ya ga yawancin filin da ke cikin ganuwa gonaki ne da fadama. Mutanen dā sun yi shirinsu bisa sanin cewa shekara ba ta zuwa daidai da 'yar'uwarta. Mai gida ya kan rufe rumbu ɗaya ba a taɓawa sai an ga yabanya ta yi kyau. A kan shuka gero da dawa da wake a gona guda, don in wani ya ƙi wani ya yi. Zakkar hatsi kuma ta kan taru a hannun dagatai da hakimai, wajibi ne su buɗe rumbuna in wuya ta yi wuya. Da rani kuwa masu ƙarfi su kan tafi cin rani, don a rage bakin da ke cin hatsin gida.

Yunwa mai suna

Hausawa su kan raɗa wa yunwa suna, kamar yadda a ke raɗa wa yaro, da sunan ne kuma tsofaffi su ke ƙirga shekarunsu. Wadda ta fi kowace suna ita ce Kakalaba. Cikin 1913, a zamanin Sarkin Kano Abbas, ruwan da aka auna a Kano bai kai inci 20 ba, alhali a shekara mai kyau a kan sami inci 33 ko 34. Hatsi ya bushe a tsaye. Da daminar 1914 ta kama, rumbuna sun riga sun zama wayam, mutane suka koma cin tafasa da yaɗiya da ƙwallon goruba da 'ya'yan ƙarangiya, har a kan tone gidan tururuwa don ɗan hatsin da ta tara. Mutanen arewa, daga ƙasar da Faransa ke mulki, suka yi ta kwararowa kudu, da yawa suka faɗi a hanya. Dubban mutane suka mutu a Lardin Kano kaɗai.

Sai mu lura da abin da ya zo tare da wannan fari. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa cikin 1912, cikin wannan shekara kuma cinikin gyaɗa ya tashi. Haraji ya riga ya koma na kuɗi, ba na dami ba, saboda haka manomi ya kan sayar da hatsinsa da kaka, sa'ad da ya ke da araha, don ya biya. Zakkar da a dā ke taruwa a rumbunan sarakuna an haɗe ta cikin haraji. Da fari ya zo, sai ya tarar da rumbun talaka da na hakimi duk sun yi sauƙi, taimakon Gwamnati kuma ya zo a makare, bai kuwa isa ba. Wani masani Bature, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina yana tambayar manoma, ya fitar da babban littafi cikin 1983 a kan wannan batu. Abin da ya tsaya a kai shi ne, fari daga sama ya ke zuwa, amma ko zai zama yunwa mai kisa, wannan ya rataya ga yadda mutane suka shirya haraji da kasuwa da ajiya.

Bayan Kakalaba an yi 'Yar Buhu cikin 1927, farkon sarautar Abdullahi Bayero, sunan kuwa daga buhunan hatsin da aka kawo ne. Cikin 1942 aka yi 'Yar Gusau, domin can mutane suka riƙa zuwa neman dawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, Gwamnati tana karɓar hatsi a ƙauyuka don ciyar da soja da leburorin haƙar kuza a Jos, wannan ya ƙara wa wutar itace.

Gardamar hamada

Cikin 1934 wani malamin daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar da rani, ya koma gida ya rubuta cewa Sahara tana tahowa, za ta cinye ƙasar nan, laifin kuwa na manoma da makiyaya ne. Maganarsa ta tayar da hankali, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana daji, suka bi iyaka cikin 1936 da 1937. Kwamitin ya ce bai ga alamar hamada tana tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Shekarun 1950 kuma suka zo da ruwa mai yawa, dalar gyaɗa ta cika Kano, manoma suka yi ta sarar sabbin gonaki can arewa inda dā makiyaya kaɗai ke zuwa. Cikin 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000.

Daga 1968 sai al'amari ya juya. Ruwa ya dinga raguwa shekara bisa shekara, har 1972 da 1973 suka zo da farin da ya game ƙasashe tun daga Senegal har Habasha. Ruwan da aka auna a Kano cikin 1973 bai kai ko na 1913 ba. Shanu suka mutu garke garke, Buzaye suka shigo birni suna neman aikin gadi, Tafkin Cadi ya rabu biyu. Cikin 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya, ba a daɗe ba dalar gyaɗa ta zama labari. Amma mutuwar mutane a ƙasar Kano ba ta kai ta Kakalaba ba, domin akwai hanyoyin mota, hatsi yana zuwa daga kudu, akwai kuma aikin yi a birane. Gwamnatin Audu Bako ta himmatu ga gina madatsun ruwa, aka gama ta Tiga cikin 1974. Fari ya sake dawowa cikin 1983 da 1984. Mutanen Maraɗi da Damagaram suna kiran yunwar wannan lokaci El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya cikin 1984, hatsin da suka saba saye daga Kano da Katsina ya yanke.

A shekarun nan ma an sake ɗora wa manomi da makiyayi laifi, wai su suka sare itatuwa, dabbobinsu suka cinye ciyawa, ruwa ya gudu. Amma Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana auna gonakin kewayen Kano, ya ga duk da yawan jama'a manoma suna tsare gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka a gonakinsu, suna kuma kai taki da jakuna. A Maraɗi kuma, tun daga 1983, manoma suka shiga barin tohon itatuwa su girma a gona maimakon a sassabe su, har aka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo a kudancin Nijar sun kai hekta miliyan 5. Masu binciken yanayi daga baya suka gano cewa babban dalilin farin nan yana can cikin teku. Daminarmu iskar da ke tasowa daga Tekun Atilantika ce ke kawo ta, in ɗumin ruwan teku ya sauya sai iskar ta kasa isowa arewa. Masana da yawa suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan lokaci yana cikin abin da ya sauya shi.

Abin da ya ke sabo

Kada mai karatu ya ce, tun da an saba yin fari tun zamanin Muhammadu Zaki, ashe babu wani sabon abu. Akwai. Tun cikin 1896 wani masani mutumin Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa iskar kabon da ke fita daga ƙona gawayin ƙasa tana riƙe zafin rana kamar bargo, in ta yi yawa duniya za ta ɗumama. Cikin 1958 wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya soma auna ta a kan dutsen Mauna Loa. A lokacin ya sami kashi 315 cikin miliyan na iska. Kafin zamanin injuna 280 ne, yanzu kuwa ya wuce 420. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya, shekarar 2024 kuma ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa kafinta zafi. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi, amma tana cikin masu shan wahalarsa. Saboda wannan al'amari ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Faris cikin 2015.

A wajenmu ruwa ya ɗan dawo tun daga shekarun 1990, amma halinsa ya sake. Wani bincike da aka buga cikin 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Watau ruwan da a dā ke zuwa a hankali cikin marka, yanzu ya kan zubo a dare ɗaya. Mutanen Kano ba su manta da Agusta 1988 ba, sa'ad da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa suka yi ta rushewa. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, cikin Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Cikin birnin Kano kuwa, kududdufan da magabata suka bari bayan sun ɗebi ƙasar gini, waɗanda su ke shanye ruwan unguwa, an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai.

Aikin da ke jiran mai yi

A wasu ƙasashe an riga an ba wannan tarihi gida. A garin Bremerhaven na ƙasar Jamus an buɗe wani gida cikin 2009, sunansa Klimahaus, inda mai ziyara ke bin layin taswira na digiri 8 a gabas, yana shiga ɗaki ɗaki yana jin sanyi ko zafin kowace ƙasa da ke kan layin. Ɗaya daga cikin ɗakunan na Buzayen Nijar ne. Abin lura, birnin Kano shi ma a kan wannan layi ya ke. A Hong Kong an buɗe gidan tarihin sauyin yanayi cikin 2013. Manyan gidajen tarihi, irin na Smithsonian a birnin Washington, suna da wata al'ada kuma, su kan ɗauki ɗalibin da ya gama digirinsa na farko yana neman na gaba, su ba shi kuɗin guzuri na watanni ko shekara, ya zauna cikinsu yana bincike a ƙarƙashin wani babban malami, abin da ya samo kuma a nuna wa jama'a.

Irin wannan guzuri ya kamata a yi wa Gidan Makama. Kano ba ta rasa ɗalibai ba, ga Jami'ar Bayero, ga kuma makarantar koyon aikin gidan tarihi a Jos. Aikin ɗalibin zai kasu huɗu. Na farko, ya bi tsofaffi, maza da mata, ya ɗauki maganarsu. Wanda ya ke da shekara 15 cikin 1973 yau ya doshi saba'in, waɗanda suka ga 'Yar Gusau kuwa sai ɗai ɗai. Mata musamman su suka san ganyen da aka ci da yadda a ke jiƙa anza har ɗacinta ya fita. Na biyu, ya bi takardu. Malaman En'e na dā sun rubuta farashin mudu a kasuwanni, da ƙidayar shanu don jangali, da rahoton damina na kowace gunduma, da yawa suna nan a Gidan Adana Takardu na Kaduna, akwai kuma wasiƙun ajami da na Larabci a hannun gidajen malamai. Na uku, ya tara kaya, watau mudu da tiya, da ƙaramin rumbu, da guga, da ma'aunin ruwan sama, da irin gero da dawa na dā wanda ke nuna da wuri, tun bai ɓace ba. Na huɗu, ya zana taswirar birni, ya nuna inda kududdufai da rijiyoyi su ke a dā da inda su ke yanzu, da yadda Jakara ke bi.

In an tara, sai a shirya shi yadda kowa zai gane. Bayanin ya zama da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo saboda na nesa. A kawo 'yan makaranta da manoma da magina da ma'aikatan tsara gari. Gani ya kori ji. Mutumin da ya ga jerin ruwan Kano tun daga farkon ƙarnin da ya wuce an zana shi a bango, shekara bisa shekara, da sunan kowace yunwa a ƙarƙashin shekararta, zai fahimci zancen sauyin yanayi fiye da wanda aka yi wa dogon jawabi da Turanci. Zai kuma tambayi abin da ya kamata a tambaya, watau ina rumbun jama'a ya ke yau, wa kuma ya ba da izinin cike kududdufin unguwarsu.

Ku kuma da kuka sauke karatu a ajin manya, ba sai kun jira ɗalibin jami'a ba. Kowane ɗayanku yana da tsoho a gida ko a maƙwabta. Ku sami littafin rubutu, ku tambaye shi sunan yunwar da ya gani, da wanda ke sarauta a lokacin, da kuɗin mudu, da abin da aka ci, da inda aka tafi, da irin da ya tsira. Ku rubuta sunan garin da ranar da kuka yi tambayar, ku ajiye littafin inda gara ba za ta kai gare shi ba. Ranar da aka buɗe zauren damina a Gidan Makama, irin waɗannan littattafai su za a fara nema. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ambaliya.